Yadda ake kallon namun daji da ɗaukar hotonsu a ƙarshen kaka a ƙasar Maraɗi

Idan aka gama yankan hatsi, aka ɗaure dammuna, ka ga gawo ya fara tofo alhali sauran itatuwa suna kaɗe ganyensu, to lokacin fita ya yi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba babu kamarsa a duk shekara ga mai son ganin tsuntsaye da namun daji a ƙasar Maraɗi. Ciyawa ta kwanta, ido yana kaiwa nesa. Ƙananan kududdufan da damina ta bari sun ƙafe, duk abin da ke shan ruwa ya tattaru a ƴan wuraren da ruwa ya saura. Shamuwa ta riga ta yi kudu, amma baƙi sun maye gurbinta: agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin laka da suka ƙetaro Sahara daga Turai, gudun sanyin can. Hazo kuma bai yi kauri ba tukuna. Wanda ya jira har Janairu zai tarar da sama ta yi fari fat kamar an watsa gari, hoto kuwa ba ya shiri da wannan.

Da salula na fara, da tabaron hangen nesa na aro, sai daga baya na sayi tsohuwar kamara ta hannu. Mafi yawan abin da zan faɗa a nan maganar zama ce: inda za ka zauna, da ƙarfe nawa, da ɓangaren da za ka juya wa baya. Maganar kamara tana nan tafe, amma ita ce mai sauƙin.

Mataki na farko: zaɓi wuri ɗaya, ka lizimce shi

Mafi kusa shi ne Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya ratsa yankin Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Nijeriya. A Nuwamba ruwansa ya ja, sai gurabe nan da can, da lambunan da ke gefensa. Kada ka raina shi don yana bakin gari. A lambunan fadama da na Jiratawa za ka ga balbela da kurciya da hasbiya da cilakowa da tsirya, ga kurege yana tsere tsakanin kunyoyi, wani lokaci har damo ko guza. Wanda bai iya ɗaukar kurciya a kan reshen magarya ba, babu abin da zai tsinana a gaban barewa.

Na biyu, wanda ni na fi zuwa, shi ne Tafkin Madarunfa, kimanin kilomita 25 kudu da Maraɗi. A 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci ga duniya na yarjejeniyar Ramsar. Yana batsewa da damina, daga kaka kuma sai ya riƙa ja da baya yana barin laka, lakar nan ita ce akushin tsuntsaye. Nan ne ake ganin kirinjijiya garke-garke suna fito, da zalɓe tsaye kamar an dasa shi, da zakaran ƙeƙuwa mai tsegumi, da baƙin nan na Turai. Ka tuna wurin yana da daraja a idon mutanensa saboda kushewun waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Mai kamara ya san inda zai taka.

Na uku shi ne gandun Gadabeji a arewa, wanda zan yi maganarsa daban a ƙasa. Dajin Baban Rafi kuwa, inda a da giwaye kan shigo daga Nijeriya, ina ba da shawarar a bar shi sai hukuma ta ce hanya lafiya. Kowa a Maraɗi ya san halin da ƙauyukan bakin iyaka suka shiga da ƴan bindiga da masu satar mutane. Babu tsuntsun da ya kai a kwana a daji dominsa.

Duk wurin da ka zaɓa, zuwan farko ka je ba kamara. Ka zaga, ka duba sawu a bakin laka, da gashin tsuntsu, da itacen da ƙarƙashinsa ya yi fari da kashi, wannan makwancin balbela ne ko na zalɓe. Ka lura da reshen da tsuntsu ya tashi daga kai ya sake komawa. Dabba tana da al'ada kamar mutum, inda ta sha jiya nan za ta sha gobe in ba a firgita ta ba.

Mataki na biyu: ka yi sallama kafin ka zaro kamara

Wannan na koye shi da wahala. Wata rana na ɓoye a bayan sabara kusa da wani ƙauye, na ɗora dogon gilashi a gwiwa ina jiran zabin daji. Ban ankara ba sai ga samari huɗu da sanduna a kaina. Ban ga laifinsu ba: baƙo kwance a kurmi da baƙin ƙarfe mai dogon baki, a zamanin da ake ciki, me za su ɗauka? Har gaban mai gari aka kai ni. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsu nake ɗauka." Ya karɓi kamarar, na nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru, can ya ce, "Kai yaro, duk wahalar ga don zabo? In ka tashi zowa, ka fara biyowa ta nan." Tun daga ranar ba na shiga gonar kowa ko bakin ruwan kowa sai na gaida mai gari, ya haɗa ni da wani yaro ko dattijo ɗan wurin.

A Madarunfa masunta za ka fara gaidawa. A gandun hukuma kuwa, wajen ma'aikatan gandun daji za ka je ka nemi izini, su ne dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ta ɗora wa tsaron wurin. Ka riƙe katin shaidarka a aljihu. Kada ka juya kamara wajen shingen jami'an tsaro ko bariki ko gada, ko da tsuntsun da ka daɗe kana nema ne ya sauka a kai. Jirgi marar matuƙi kuma ka bar shi gida. Ɗan rakiya ka sallame shi da abin kirki, idonsa ya fi tabaronka. Sau nawa yaro yana nuna mini yautai kwance a ƙasa, taku uku daga ƙafata, ni ina ganin busasshen ganye ne.

A wannan lokaci wasu gonakin ba a sake su ba, akwai sauran wake da harawa. Ka bi gefe.

Mataki na uku: shirin dare

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da dare ka cika batir, ka kwashe tsofaffin hotuna daga katin ajiya, ka ɗaura gilashin da za ka yi aiki da shi, don a daji ba a cire gilashi. Ƙurar hunturu in ta shiga cikin kamara, duk hoton da ka ɗauka zai fito da ɗigo-ɗigo a sararin sama. Gilashi mai kai milimita 300, wato lambar da ke nuna yadda yake jawo abu na nesa, ya isa farawa, 400 ya fi. Tabaron hangen nesa mai lamba 8x42 shi ne daidai, ba ya gajiyar da hannu, kuma yana gani da duku-duku.

Ka cika tsohuwar safa da gero ka ƙulle bakinta. Wannan ita ce matashin kamararka a kan tagar mota, ko kututture, ko ƙasa, kuma ta fi mai ƙafa uku mai araha da iska ke kaɗawa. Ka ƙara da sanda mai baki biyu wadda ta kai tsawon ƙirjinka, da leda babba ta rufe kamara, da ƙyalle mai laushi, da gorar ruwa, da ɗan littafi da biro.

Tufafi: ruwan ƙasa ko ruwan toka, wanda ya sha wanki ya yi laushi. Farar riga tana shela tun daga nesa, shadda mai sitati kuma kowane motsi sai ta yi ƙara. Kakin da ya yi kama da na soja kada ka kuskura. Turare a bar shi sai an dawo. Takalmi rufaffe mai kauri, da wando mai santsi da ƙarangiya ba ta kamawa sosai, don yanzu ne take ganiyarta. Rigar sanyi ma ka ɗauka, asubahin bakin tafki a kan babur ba wasa ba ne.

Mataki na huɗu: rana da iska, nan ne aikin yake

A Nuwamba rana tana fitowa a Maraɗi wajen ƙarfe 6:30, ta faɗi wajen 6 na yamma. Haske mai kyau sa'o'i biyu ne na farko da biyu na ƙarshe. Daga ƙarfe 10 rana ta ɗaga, inuwa ta koma ƙarƙashin ciki, idon dabba ya yi duhu, zafi kuma yana tashi daga ƙasa yana sa abin da ke nesa rawa a cikin gilashi. Saboda haka ka yi sallar asuba a kusa da wurin, ka zauna a mazauninka kafin gari ya waye sosai.

Yanzu ga abin da na daɗe ban gane ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Mai hoto yana son rana a bayansa don haske ya faɗa a kan abin da yake ɗauka. Da safe rana tana gabas, ke nan in ka juya mata baya, iska ma tana bayanka, tana kwasar warinka tana kai wa abin da ke gabanka. Ga barewa ko dila ko zomo, wannan ya gama magana, ba za ka ma gan su ba. Amma ga tsuntsu alheri ne. Yawancin tsuntsaye da ido da kunne suke tsaron kansu, kuma tsuntsu yakan fuskanci iska in zai tashi ko zai sauka. Iska a bayanka, rana a bayanka, sai ya zama kirinjijiya tana sauka tana fuskantarka, fukafukai a buɗe, haske a ƙirjinta. Don haka da safe ka zauna a gabashin ruwa.

Da yamma lissafin ya juye. Rana tana yamma, ka juya mata baya kana duban gabas, iska tana bugun fuskarka, warinka yana tafiya baya. Wannan ne lokacin masu ƙafa huɗu. Safiya ta tsuntsu, yamma ta nama, haka nake raba ranata.

Kada ka dogara da lissafi kaɗai, don da sassafe iska takan kwanta, sai hantsi ta taso, kuma a cikin kwari tana yin yadda ta ga dama. Ka ɗebi ƴar ƙura da yatsu ka sake ta, ka ga inda ta nufa. Ka riƙa maimaitawa.

Mataki na biyar: zama da matsawa

Ka nemi abin da zai karya siffarka: gindin gawo, kurmin sabara ko kalgo, tarin karan da manomi ya jingine. Ka zauna a gabansa ko cikin inuwarsa, kanka kada ya fito a sararin sama. In wurin fili ne, zana ɗaya da sanduna biyu sun isa, ka huda ƴar taga daidai bakin gilashi. In da hali ka kafa ta kwana biyu kafin ranar, tsuntsaye su saba da ita. Kafin ka zauna ka bubbuga wurin da sanda, ka duba da kyau.

Sai ka yi shiru. Minti 20 zuwa 30 na farko ba za ka ga komai ba, zuwanka ya kore su. Nan ne mafi yawan mutane ke tashi su canza wuri, su sake korar na gaba. Ka daure. Kurciya ce ke fara dawowa, sai ƙananan tsuntsaye, sai manya. In zakaran ƙeƙuwa ya gan ka ya kama ihu yana zagaye kanka, kada ka motsa, zai gaji. Muddin yana kuka babu wanda zai matso.

Wata safiya a bakin tafkin na kwanta rub da ciki a kan buhu, kamara a kan safar gero, ƙafata ta yi tsami har na daina jin ta. Wani zalɓe ya sauko kamar taku goma sha biyar daga gare ni. Ya tsaya, ya karkata kai, ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali har ruwa na ɗiga daga yatsunsa, ya ajiye ta ba tare da ruwan ya motsa ba. Wuyansa ya lanƙwashe ya koma baya, sai na ga ƙwayar idonsa rawaya ta tsaya cak a wuri ɗaya. Nan na danna na riƙe. A cikin hotuna tara, ɗaya ne ya kama ƴar tarwaɗa a gicciye a bakinsa, ruwa na tartsatsi. Wanda ya san alamar da ke zuwa kafin sara shi ke samun irin wannan, alamar kuwa sai da kallo ake saninta.

In dole ne ka matsa, kada ka nufi dabba kai tsaye, kuma kada ka zuba mata ido. Wani tsohon masunci ne ya gyara mini wannan. Ya ce, "Malam, dube mu nan, kullum muna wucewa gabansu ba su tashi. Kai kuwa kana tahiya kamar mai bin bashi." Gaskiyarsa. Ka yi tafiyar mai neman itace: a karkace, kai a sunkuye, taku biyar ka tsaya, ka ɗauki hoto ɗaya, ka ƙara. Da zarar tsuntsu ya daina kiwo ya miƙe wuya, ko barewa ta ɗaga kai ta kafa kunnuwa tana buga ƙafa, ka kai iyaka. Ka tsaya har ta koma kiwo. In ta gudu, kai ka yi kuskure, kuma ka sa ta ɓarnatar da ƙarfin da take tattali don rani. Baƙin Turai musamman, sun yi dubban kilomitoci kafin su iso, a bar su su ci.

Amalanken shanu da jirgin masunta ma maɓoya ce, don tsuntsaye sun saba da su. A cikin jirgi ka zauna ƙasa, kamara a leda sai an tsaya.

Ka sauko daidai idon abin da kake ɗauka. Hoton agwagwa daga tsaye hoton bayanta ne da laka. Daga kwance kuwa bayan hoton yakan narke, ita kaɗai ta fito.

Mataki na shida: saitin kamara

Ka juya kamara zuwa S, ko Tv a wasu, inda kai ke zaɓar saurin ƙiftawa. Tsuntsu a zaune, 1/500 na daƙiƙa. Mai tafiya ko kiwo, 1/1000. Mai tashi, 1/2000. Ka bar ISO, wato saitin ƙarfin kama haske, ya zaɓi kansa, amma ka yi masa iyaka a 1600, ko 3200 in kamarar sabuwa ce. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Da duku-duku, kafin haske ya isa, ka sauko 1/250, ka dafe kamara a kan safar gero, ka jira dabbar ta tsaya.

Ɗigon saiti guda ɗaya ka zaɓa, ka ɗora shi a kan ido. In ido ya fito tar, an yafe wa sauran jiki. Ka kunna saitin da ke bin abu mai motsi, da ɗauka a jere, ka kashe ƙarar kamara da fitilarta.

Akwai maɓalli mai alamar +/-, ka san shi kamar yadda ka san aljihunka. Balbela fara ce, in ta tsaya a gaban ruwa mai duhu kamara takan ƙara haske har gashinta ya ƙone, ta koma farin tabo ba zane. Hotunana na shekarar farko duk haka suke. Ka rage zuwa -1. Shirwa ko ungulu a sararin sama mai hazo kuwa akasin haka ne, kamara tana ganin fari ta rage haske, tsuntsun ya fito baƙi ƙirin. Ka ƙara zuwa +1, wani lokaci har fiye. Bayan hoton farko ka duba, ka gyara, sannan ka daina kallon allo. Abin da kake jira yakan faru daidai lokacin da ka sunkuya.

Ka bar fili a gaban dabba, ɓangaren da take kallo, kuma kada ka yanke ƙafafu.

Mai salula ma yana da rabo. Ka goge gilashinta tukuna. Kada ka ja hoto da yatsu fiye da lambar da gilashin wayar yake kaiwa da kansa, abin da ya wuce nan faɗaɗawa ce kawai, hoton ya dagule. Ka danna kan dabbar ka riƙe har saiti ya kulle, ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. In kana da tabaron hangen nesa, ka dafe shi a kan sanda ko tagar mota, ka saita shi da idonka, sannan ka ɗora gilashin wayar daidai kan ido ɗaya na tabaron. Ka sa agogon daƙiƙa 3 don hannu kada ya girgiza. Zai ba ka haushi kwana biyu, daga nan hannu ya saba. Abin da salula ta fi iyawa shi ne faɗin wuri: garken balbela suna komawa makwanci da magariba, shanu suna ratsa gona ƙura na tashi. Bidiyo ma tana yin sa da kyau.

Ranar da hazo ya sauko, ka manta da na nesa, kowane taku tsakaninka da dabba ƙura ce. Ka nemi na kusa, ka sa itace mai duhu a bayansa. Da yamma kuma rana takan zama kamar jan faifai, sai ka ɗauki gawo da tsuntsayen da ke kansa baƙaƙe a gabanta. Amma kada ka taɓa duban rana ta cikin tabaro ko ramin leƙen kamara, ko da hazo ya rufe ta.

Gadabeji

Wannan tafiyar kwana biyu ce ko uku, da mota mai jan ƙafa huɗu. Daga Maraɗi a bi kwalta zuwa Dakoro, kimanin kilomita 120, daga can a shiga rairayi. An keɓe gandun tun 1955, faɗinsa kimanin hekta 76,000, kuma a 2017 UNESCO ta sa shi cikin jerin gandayen da take kula da su. A ƙarshen 2018 aka kawo raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, tafiyar sama da kilomita 800, bayan shekaru masu yawa da ɓacewarsu daga wurin. Irin raƙumin dawan nan na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya saura, kuma a 1996 guda 49 ne suka rage a duniya kafin a farfaɗo da su. In ka tsaya gabansu, ka san abin da kake kallo.

Ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun, kuma kafin ka bar Maraɗi ka tambayi halin hanya. Ma'aikatan su suka san inda raƙuman suka kwana. In an hango su, direba ya matsa a karkace, a hankali, ya kashe mota, don girgizar inji tana lalata hoto. Ka ɗora safar gero a taga. Kada a bi su da mota, kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta, harbin ƙafar raƙumin dawa ba abin gwaji ba ne. Ka juya kamara a tsaye don ka samu dukan tsawonsa, sannan ka jawo kai kaɗai lokacin da yake zare ganye daga cikin ƙaya da dogon harshensa. Barewa da dila da jan biri da tuje duk suna nan, amma sun fi raƙumin dawa tsoro nesa ba kusa ba. Yanyawa sai dab da magariba, a bakin raminta.

Ciyawar arewa a wannan lokaci ta bushe ƙayau, gobarar daji kuma ita ce babbar masifar makiyaya. Guntun taba ɗaya ko garwashin shayi ya isa. In kun dafa, ku binne wutar da rairayi, ku zuba ruwa, ku taɓa da hannu kafin ku tashi.

Maciji da ruwa

Kaka lokacin maciji ne. Kububuwa ƙarama ce, kalar ƙasa, tana son gindin kara da ƙarƙashin dami, kasa kuma ba ta gudu, kwanciya take yi. Kada ka sa hannu inda idonka bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take ko da ya ce ba ya jin komai, don dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna. Ruwan tafki kuma kada ka shiga da ƙafa don neman kusanci, tsargiya a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukarta.

Bayan an dawo gida

Kafin ka goge gilashi ka fara hure ƙurar da ƴar robar hura iska, ko ka kaɗe ta da burushi mai laushi. In ka sa ƙyalle kai tsaye, rairayi ne kake gogawa a kai. Ka kwafe hotunan wuri biyu, sannan ka zauna zaɓe ba tausayi. Cikin 300, in ka samu biyar ka gode Allah. Wajen gyara, manhajar Snapseed a salula ta isa: ka yanke gefe, ka ƙara ɗan bambanci tsakanin haske da duhu don rage farin hazo, ka tsaya nan. Wanda ya cika launi har kurciya ta koma aku, masu kiwon tsuntsu za su yi masa dariya.

A littafinka ka rubuta rana, da wuri, da ƙarfe nawa, da inda iska ta fito, da abin da ka gani da adadinsa. Baɗi wannan littafin ne zai gaya maka makon da agwagin Turai ke isowa. Tsuntsun da ba ka san sunansa ba, manhajar Merlin tana taimakawa daga hoto, amma ka nuna wa masunta da mafarauta tsofaffi su faɗa maka sunansa na Hausa, ka rubuta duka biyun.

In za ka sa a Facebook, ka kashe alamar wuri, kuma kada ka faɗi itacen da ungulu ta yi sheƙa ko ramin da yanyawa take. Ungulu ta yi ƙaranci a ƙasar nan, akwai masu nemanta don sayar da sassanta. "Yankin Dakoro" ya isa. A WhatsApp kuma ka tura hoton ta zaɓin "Document", in ba haka ba zai matse shi gashin tsuntsun ya dagule. Biyu ko uku ka kai a wanke maka su a takarda, ka riƙa a zuwa na gaba, ɗaya na mai gari, ɗaya na yaron da ya nuna maka yautai.